Bhakti Tirtha Swami: Ibada, Tafiya da Zama da Mabiya Wasu Addinai

Bhakti Tirtha Swami malami ne na addinin Hindu, Ba'amurke baƙar fata, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana kai-da-kawowa tsakanin Amurka, Turai, Indiya da Afirka ta Yamma. An haife shi a birnin Cleveland na jihar Ohio ranar 25 ga Fabrairu 1950, iyayensa suka raɗa masa suna John Favors. Ya rasu ranar 27 ga Yuni 2005 yana da shekara 55. A ɗariƙar da ya bi, wadda duniya ta fi sani da Hare Krishna, shi ne baƙar fata na farko da ya zama malami mai karɓar almajirai. Najeriya da Gana na cikin ƙasashen da ya fi yi wa hidima, har aka ba shi sarauta a Warri a 1990. Wanda ya bi tarihinsa zai ga mutumin da ba ya ɗumama wurin zama, yau yana filin jirgi, gobe yana zauren lacca, jibi yana gaban wani shugaba. Sai dai duk wannan zirga-zirga an ɗora ta ne a kan wata ibada ta kullum mai tsauri, wadda ƙa'idar ɗariƙar ba ta yarda a sassauta ta don ana kan hanya ba.

Galibin Hausawa, daga Kano har Dakoro a arewacin jihar Maradi, ta finafinan Indiya suka san addinin Hindu. Tun shekarun 1950 ƴan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka fara shigo da su, yau kuma ga su a waya da fassarar Hausa. A cikinsu ake ganin ɗakin ibada mai ƙararrawa, da mutum-mutumin da aka yi wa ado da furanni, da ango da amarya suna zagaya wuta. Abin da fim ba ya nunawa shi ne faɗin addinin. Mabiyansa sun haura biliyan ɗaya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya shi suke bi, amma ba shi da mutum guda da ya kafa shi, ba shi da littafi guda da kowa ya tsaya a kai. Rassansa suna da yawa, wasu ma suna saɓa wa juna a manyan al'amura. Reshen da ake kira Vaishnava ya ɗauki Vishnu, ko Krishna, a matsayin Ubangiji Maɗaukaki guda, sauran ababen girmamawa duk a ƙarƙashinsa, kuma hanyar kusantarsa ita ce bhakti, wato bauta cikin ƙauna.

Ɗariƙar Bhakti Tirtha ta samo asali daga Chaitanya, wanda aka haifa a 1486 a Nabadwip, ƙasar Bengal, lokacin da sarakuna Musulmi ke mulkin yankin. Shi ya sa hulɗa da Musulmi ta shiga tarihin ɗariƙar tun daga tushe. Littattafansu sun ba da labarin alƙalin garin, Chand Kazi, wanda ya hana waƙen ibada a kan tituna, sai Chaitanya ya jagoranci jama'a zuwa ƙofar gidansa, suka zauna suka yi muhawara, aka ɗage hanin. Haridas Thakur, wanda suke ɗauka a matsayin gwanin ambaton sunan Ubangiji, a gidan Musulmi aka haife shi. Manyan malamansu biyu, Rupa da Sanatana, sun riƙe muƙamai a fadar Sarki Alauddin Husain Shah kafin su ajiye aiki. Wannan koyarwa ce wani dattijo ɗan Kalkata, A. C. Bhaktivedanta Swami Prabhupada, ya ɗauka ya shiga jirgin ruwan dakon kaya zuwa Amurka a 1965 yana da shekara 69. A 1966 ya kafa ƙungiyar ISKCON a birnin New York.

John Favors ya tashi a gidan talakawa masu riƙo da addinin Kirista, a unguwar baƙaƙen fata. Tun yana yaro yake wa'azi, har ana nuna shi a talabijin. Hazaƙarsa ta sa ya sami tallafin karatu, ya shiga Jami'ar Princeton a 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, ya fita a 1972 da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam. A jami'a yana cikin jagororin ɗalibai baƙaƙen fata masu fafutukar neman ƴanci. Saurayi mai irin wannan takarda a wancan zamani ƙofofin aiki a buɗe suke gare shi, amma ya juya musu baya. A 1973 ya yi mubaya'a ga Prabhupada a Los Angeles, aka ba shi suna Ghanashyam Das.

Mubaya'ar tana da sharuɗɗa, kuma su ne ƙashin bayan rayuwar da ya yi daga nan har mutuwa. Almajiri yana alkawarin barin abu huɗu. Ba ya cin nama, kifi ko ƙwai. Ba ya caca. Ba ya kusantar abin maye, kuma a wurinsu shayi, gahawa da taba duk sun shiga ciki. Ba ya saduwa sai a cikin aure. Bayan hani sai umarni: kowace rana zai ja carbi sau goma sha shida. Carbin yana da ƙwaya 108, ana sassaƙa shi galibi daga itacen tulasi, wani tsiro dangin ɗaɗɗoya da suke girmamawa, kuma a kan kowace ƙwaya ana karanta wuridi mai kalma goma sha shida da aka gina da sunaye uku, Hare, Krishna da Rama. Idan aka lissafa, sau 1,728 ke nan a yini, abin da ke cin kusan awa biyu ga wanda bakinsa ya saba. Ana ɗaukar carbin a cikin ƴar jakar ƙyalle da ake ratayawa a wuya, hannun dama a ciki, don haka mai tafiya zai iya ci gaba da wuridinsa a mota ko a jirgi. Wanda aiki ya hana shi cikawa, bashi ne a kansa sai ya rama.

Yini a gidajen ibadarsu yana farawa ne tun duhu bai yaye ba. Ana tashi wajen ƙarfe huɗu a yi wanka, a shafa farar laka a goshi da wasu gaɓoɓi, sannan a hallara da ƙarfe huɗu da rabi domin ibadar asuba, inda ake kunna fitilu ana waƙa da ganga da ƙananan kuge. Daga nan kowa ya koma ga carbinsa har gari ya waye. Wajen ƙarfe bakwai a sake taruwa, sai darasi daga littafin Bhagavata Purana, kafin a karya kumallo. Abinci ma ibada ne a wurinsu: ana dafa shi ba tare da an ɗanɗana ba, ba albasa ba tafarnuwa, a miƙa shi ga Ubangiji da addu'a, sannan a ci, kuma a wannan matsayi sunansa prasadam. Sau biyu a wata, a rana ta goma sha ɗaya bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa, ana azumin Ekadashi, inda ake barin hatsi da wake, wasu kuma su bar komai har ruwa. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya ya san wuyar riƙe irin wannan tsari a garin da ba a san mutum ba, inda mai masauki ya yanka kaza don karramawa, baƙo kuma ba shi da halin taɓawa. Bhakti Tirtha ya riƙe shi sama da shekara talatin, kuma wannan ya cancanci a jinjina masa ko a wurin wanda bai yarda da aƙidarsa ba.

Tafiyarsa ta farko mai nisa ta littattafai ce. A shekarun 1970 yana cikin ƴan tawagar da ke bin jami'o'i suna tallata fassarorin Prabhupada ga ɗakunan karatu. Aikin ya kai shi har ƙasashen Gabashin Turai da ke ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, inda yaɗa addini laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, kuma baƙar fata ba shi da inda zai ɓuya a cikin jama'a. Prabhupada ya rasu a Nuwamba 1977. A watan Maris 1979, a New Vrindaban da ke jihar West Virginia, Ghanashyam ya karɓi sannyasa, aka sauya masa suna zuwa Bhakti Tirtha Swami. A tsarin Hindu na gargajiya rayuwa mataki huɗu ce: ɗalibta, zaman iyali, janyewa daga harkokin duniya, sai zuhudu. Matakin ƙarshe na tsofaffi ne, shi kuwa ya shige shi yana da shekara 29. Mai sannyasa ba ya aure, ba ya tara dukiya, yana sa tufafi ruwan goro, yana riƙe da doguwar sanda, kuma asalin aikinsa yawo ne daga gari zuwa gari yana koyarwa. A Indiya ta dā damina ce kaɗai ke tsayar da shi wuri guda na wata huɗu.

Ba da daɗewa ba ya fuskanci Afirka ta Yamma. A 1982 aka sa shi cikin majalisar ƙoli ta ƙungiyar, wadda ke taro kowace shekara a Mayapur ta Bengal, a 1985 kuma ya fara karɓar almajirai na kansa. A zamaninsa cibiyoyi suka yaɗu a Legas, Ibadan, Benin, Warri, Fatakwal da Inugu, har da ƙanana a Jos da Kaduna. Abin lura shi ne mafi yawan masu ibada a waɗannan wurare ƴan ƙasa ne, ba Indiyawan da suka zo kasuwanci ba. A Gana ya tarar da ƙasa da aka riga aka share, domin tun 1975 wani ɗan ƙasar, Swami Ghanananda Saraswati, yake jagorantar gidan zuhudun Hindu a unguwar Odorkor ta birnin Akra, ko da yake ɗariƙarsu ba ɗaya ba ce.

Babu inda koyarwar ta fi cin karo da rayuwar Afirka kamar batun saniya. A wurin Vaishnava saniya uwa ce saboda nononta, sa kuma uba saboda noma, kuma Krishna kansa a matsayin yaro makiyayi ake siffanta shi. Makiyayin Dakoro, mai jajayen shanu masu dogon ƙaho, zai gane rabin wannan magana ba tare da an yi masa bayani ba, domin shi ma ya san kowace saniyarsa da suna da asalinta, kuma ba ya yanka mai ba da nono haka kawai. Inda za su rabu shi ne kasuwa. Garken Sahel yana tsayawa ne da sayar da bijimai da tsofaffin shanu, waɗanda ake lodawa zuwa kudu har Najeriya, da kuɗinsu ake sayen hatsi da dusa a kai ga damina. A gonar ƙungiyar ta Gita Nagari da ke jihar Pennsylvania kuwa, ba a yanka ko ɗaya, ba a sayar wa mahauci. Saniyar da ta daina nono da ɗan maraƙin da ba za a yi noma da shi ba duk ana ciyar da su har ajalinsu, wanda kan kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin. Wannan ya sa madarar ta yi tsada, gonar kuma tana buƙatar gudummawar masu taimako. Tsarin da ke buƙatar irin wannan tallafi ba zai zauna a ƙasar da fari ke iya cinye rabin garke ba.

Sarautar Warri ta 1990 ta nuna irin karɓuwar da ya samu a kudancin Najeriya. Ya saba da fada da gidan rediyo da zauren jami'a, kuma yana magana da harshen da Kirista ya sani, tun da a cikin coci ya girma. Ya kafa wata cibiya mai suna IFAST a birnin Washington, wadda ta riƙa shirya tarukan bita ga likitoci, malamai, ƴan kasuwa da ma'aikata na kowane addini, a kan shugabanci, zaman iyali, shaye-shaye da sasanta rikici. Ya gana da Nelson Mandela na Afirka ta Kudu da Kenneth Kaunda na Zambiya. Jigon da ya fi maimaitawa shi ne shugaba bawan jama'a ne, kuma wanda bai mallaki zuciyarsa ba bai kamata a danƙa masa mutane ba. Magana ce da limami da fasto za su iya sa hannu a kanta, kuma ta nan ya fi samun shiga.

Zaman Hindu da mabiya wasu addinai a dandalin duniya ya girme shi. Tun 1893 Swami Vivekananda ya yi jawabi a babban taron addinai na birnin Chicago, jawabin da ya sa Turawa suka fara sauraron Hindu daga bakin mai shi. ISKCON kuwa ta fara ne da zafin wa'azi, sai a hankali ta koyi zama a saurara. A 1999 ta fitar da takardar matsaya game da masu imani da Allah na wasu addinai, inda ta amince cewa ana samun ƙaunar Ubangiji a wajen ɗariƙarta, ta kuma umarci mabiyanta da ladabi da girmamawa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake zaman shekara-shekara tsakanin Vaishnava da Kiristoci a yankin Washington, daga baya aka buɗe irinsa da Musulmi. Tsarin zaman mai sauƙi ne: mutane kaɗan, kwana ɗaya ko biyu, a zaɓi maudu'i guda, kowane ɓangare ya karanta nassinsa ya yi bayani, a ci abinci tare, wani lokaci kowa ya kalli yadda ɗaya ke ibada ba tare da an tilasta masa shiga ba.

Akwai wuraren da ba a haɗuwa, kuma ɓoye su ba ya amfanar kowa. Vaishnava ya yi imani Ubangiji yana yarda ya kasance a cikin siffar da aka keɓe aka tsarkake, don bawa ya sami abin yi wa hidima. A wurin Musulmi wannan shirka ce, ba ta da wani suna. Hindu yana ganin rai yana sake dawowa cikin wani jiki gwargwadon aikinsa, Musulmi da Kirista kuwa rayuwa ɗaya suka sani, sai mutuwa, sai hisabi. Akwai kuma zargin da ke bin duk mai wa'azin da ya zo teburin tattaunawa, cewa farauta ya zo yi da rigar zumunci. Zargin yana da tushe, domin Bhakti Tirtha mai kira ne zuwa ga addininsa, bai taɓa ɓoye hakan ba. Amma wannan bai rage darajar zaman ba. Mutumin da aka san inda ya tsaya, aka ga yana tashi da asuba yana cika alkawarin da ya ɗauka, ya fi sauƙin amincewa a kan wanda ke cewa duk addinai ɗaya ne don a rabu lafiya.

Ƙasar Hausa ta san wannan aiki, kuma ta san tsadarsa fiye da zaurukan Washington. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da ƴan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci da ta yi aiki a Yelwa da Shandam na jihar Filato da wasu ƙasashe. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. A Nijar, inda Musulmi suka kai kusan kashi 99 cikin 100, an ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, aka kuma ƙone wata a Maradi a Yuni 2019. Bayan irin waɗannan fitintinu malamai da fastoci da sarakuna ne ke zama a kwantar da hankali, kuma zaman ya fi tasiri idan sun riga sun san juna tun kafin wuta ta tashi. Bambancin matsayin Bhakti Tirtha shi ne ya fito daga ƴan tsiraru ƙwarai, waɗanda ba su da yawan da za su tsorata kowa, don haka abin da zai kawo teburi bai wuce halinsa da iliminsa ba.

Cikin gidansa ma bai rasa jarrabawa ba. Bayan rasuwar Prabhupada ƙungiyar ta shiga rikicin shugabanci, wasu manyan malamanta suka karya alkawuransu. Kirtanananda Swami, wanda ya ba Bhakti Tirtha sannyasa, an kore shi daga ƙungiyar a 1987, a 1996 kuma ya amsa laifi a gaban kotun Amurka aka ɗaure shi. Daga baya aka fallasa cin zarafin yara da aka yi a makarantun kwana na ƙungiyar a shekarun 1970 da 1980, har tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara a shekarar 2000. Waɗannan abubuwa sun zubar da mutuncin ɗariƙar a idon jama'a, suka kori mabiya da yawa. A shekarunsa na ƙarshe Bhakti Tirtha ya mayar da hankali sosai ga kula da mabiya, da gina al'umma mai tausayin juna, da lafiyar zuciyar masu ibada, batutuwan da a da ake ganin ba su kai wa'azi muhimmanci ba.

Duk da yawan tafiya ya rubuta littattafai fiye da goma sha biyar, wasu a kan shugabanci, wasu a kan yaƙi da son zuciya, wasu kuma addu'o'i ne da tunani na kansa, an fassara da dama zuwa wasu harsuna. A 2004 likitoci suka gano cutar dajin fata a ƙafarsa. An yanke ƙafar, amma cutar ta riga ta bazu. Ya koma gonar Gita Nagari, ya ci gaba da rubuta wa almajiransa wasiƙu yana bayyana musu halin da yake ciki ba tare da ɓoye zafi ko tsoro ba, yana karɓar masu zuwa sallama daga Amurka, Turai da Afirka. Abokinsa Radhanath Swami ya zauna tare da shi a makonnin ƙarshe, kuma a can ya cika ana karanta wuridin da ya riƙe tun 1973.

Almajiransa sun ci gaba da buga littattafansa da jawabansa. A Najeriya cibiyoyin kudu suna nan a hannun ƴan ƙasa, suna gudanar da bukukuwansu da rabon dafaffen abinci kyauta, ko da yake yawansu bai kai a kwatanta da na Musulmi ko Kirista ba. A Gana akwai babban ɗakin ibada a Medie, kusa da Akra, da makarantar da ke karɓar yaran unguwa na kowane addini. Swami Ghanananda ya rasu a Janairu 2016, gidan zuhudunsa na Odorkor kuma ya ci gaba a ƙarƙashin almajiransa ƴan Gana.